Neman Agogo Mai Wata Saboda Yaya Mamman

Talata, daga Akwatialine zuwa tasha

Ƙarfe huɗu da kwata na asubahin Talata na fito daga gidanmu na unguwar Akwatialine a Kumasi. Mutum biyu ne a wurin: matata Hajiya Rabi, wadda ta riƙe mini jaka har ƙofa, da Malam Isufu ladan, wanda ya tsaya ya yi mini addu'a kafin ya wuce masallaci. Yayana Mamman yana ɗakinsa, bai san zan yi tafiya ba. Haka muka shirya.

Zan fara da dalilin tafiyar, saboda waɗanda ba 'yan layinmu ba ne. Tun mahaifinmu, wanda ya zo Kumasi daga Tawa, yana da rai, Yaya Mamman ne mai duban wata a unguwarmu. Mata su aiko a tambaye shi yau wata kwana nawa saboda azumin nafila, masu sa ranar biki su zo, tsofaffi su zo musu. Shekara biyu ke nan idonsa ya yi rauni. An yi wa ɗaya aiki, ɗayan likita ya ce sai haƙuri. Yanzu ko cikakken wata hazo-hazo yake ganinsa. Tun daga nan ya daina amsa tambaya. Ya ce wanda bai gani ba ba ya ba da shaida. Ya ɗauke bencinsa daga ƙofar gida, daga ɗaki sai masallaci, abincinsa ma ya ragu.

'Yarsa Zainabu, wadda ke aikin jinya a Jamus, ita ta kira ni. Ta ce ta ga wani agogo a hannun wani likita, yana da 'yar taga mai nuna wata yadda yake a sama, daga jinjiri har ya cika har ya ɓace. Ta ce, "Baba Iddi, sayen nawa ne, zaɓen naka. Ka san halin yayanka. Sandar da na aiko masa bara ya mayar mini. Idan ya mayar da wannan, ba zai sake karɓar kome daga hannuna ba."

Ba na son aikin gaggawa, don haka kafin na tafi na yi awo. Na zauna hira da shi, na riƙa zubar da maɓallan riga kamar da kuskure. Fari a kan farin zane bai gani ba. Ƙarami a kan shuɗin zane bai gani ba. Wani farin maɓalli mai faɗin farcen ɗan yatsa, a kan shuɗi mai duhu, shi ya miƙa hannu ya ɗauka ya ce, "Iddi, kana zubar da kaya." Wannan maɓallin na sa a aljihu na tafi da shi.

Tasi ta kai ni Asafo, na yi sallar asuba a tasha. An ce babbar bas za ta tashi biyar da rabi. Shida ta wuce muna zaune. Na je wurin direba na nuna masa agogona.

Ya ce, "Alhaji, wannan lokacinka ne. Lokacin mota sai kujerar baya ta cika."

Na ce to me ya sa suka rubuta biyar da rabi. Ya ce don mutane irina su zo da wuri. Na koma na zauna.

Hanyar Akra

Muka bi ta Ejisu da Konongo. An yi ruwa da dare, hanya ta yi sanyi, daji ya yi kore shar. Bayan Konongo akwai shingen 'yan sanda, suka leƙa suka gaisa da direba, muka wuce. Wani mai tallar magani ya tashi a tsakiyar mota yana bayani da yaren Tuwi, ya ce maganinsa yana gyara ido. Wata mata ta tambaye shi me ya sa shi yake sanye da tabarau. Motar duka ta yi dariya, shi ma ya yi, kuma duk da haka ya sayar.

A Nkawkaw aka tsaya. Na sayi dafaffen ƙwai da barkono, da burodi guda biyu na tsaraba. Daga nan Suhum, sai Nsawam, sai cunkoson shiga Akra wanda ya cinye mana fiye da awa guda. Tsakanin Kumasi da Akra kusan kilomita ɗari biyu da hamsin ne, amma na ƙarshen nan su ne masu wuya. Na sauka bayan azahar, na hau torotoro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa unguwar Nima.

Nima, gidan Alhaji Tanko

Alhaji Tanko abokina ne na ƙuruciya, ɗan Zongon Kumasi, ya koma Akra yana sayar da kayan gyaran mota, Allah ya buɗa masa. Abin da yake kashe wa kuɗi agogo ne. Ina shiga ya dubi hannuna ya ce, "Har yanzu wannan gwangwanin kake ɗaurawa?"

Na ce, "Gwangwanin bai taɓa sa na makara ba. Kai mai agogo talatin, ka ce za ka zo tasha."

Ya ce motarsa ce ta ƙi tashi. Mai sayar da kayan mota ke nan.

Bayan mun ci tuwon zafi da miyar ayoyo, ya fito da akwatinsa. Shi ya fara nuna mini yadda abin yake aiki. A bayan fuskar agogon akwai faifai mai hoton wata guda biyu, yana matsawa kaɗan kowace rana, tagar kuma an yanka ta da tudu biyu, su ke rufe watan su buɗe shi. Ya ce na yau da kullum yakan zame da kwana ɗaya bayan shekara biyu da rabi da 'yan kai, sai a danna wani ɗan rami a gefe a gyara.

Ra'ayinsa a fili yake. Ya ce, "In ka sayi agogo mai wata, a ga wata. Wanda sai ka kawo shi bakin hanci, me aka yi ke nan? Ni ina son sama shuɗi mai duhu, taurari su yi walƙiya, mutum yana can gefen tebur ya ce, Alhaji, mene ne wancan?"

Rabin akwatin zinare ne. Na ce masa ya san hukuncin namiji da zinare. Ya ce ba ya ɗaurawa, kallo kawai yake yi. Na ce to alamar madauri da ke wuyan hannunsa fa? Ya ja hannun riga ya rufe, ya ce a kawo shayi. Na fito da maɓallina na gwada a kan kowane wata. Biyu ne suka kai, dukansu zinare. Ya ce gobe zai kai ni inda suke haɗuwa da abokan sha'awarsa. Na kwana a ɗakin baƙinsa, ɗaki mai tsabta, sai dai agogon bango uku ne a ciki, kowanne da lokacinsa.

Laraba, gidan Dakta Owusu

Ƙarfe goma muka isa East Legon, a tasi. Mai gidan Dakta Owusu ne, tsohon likitan haƙori, ya girma kusa da Zongonmu, yana jin Hausa irin ta maƙwabta. Ya riƙe hannuna ya ce, "Akwaba, sannu da zuwa, ɗan Kumasi. Matarka yana lafiya?" Na ce tana lafiya. Ta uku a wurin ita ce Anti Esi, wadda ta yi shekaru tana aikin jirgin sama, tana tara agoguna, tana kuma sayar da wasu in ta ga dama. Hausarta kaɗan ce, Alhaji Tanko yana yi mana tafinta inda ta maƙale.

Suka shimfiɗa koren ƙyalle a tebur, kowa ya jera nasa. Na yi bayanin abin da ya kawo ni, bi da bi: kada ya zama zinare, kada wata ya gaza wannan maɓalli, kuma ya zama fari a kan duhu.

Dakta ya ɗauki maɓallin ya juya shi, ya ce, "Shekara arba'in ina sayen agogo, ban taɓa ganin wanda ya zo da ma'auni daga riga ba." Sai ya miƙo mini abin alfaharinsa: ƙarami, siriri kamar biskit, farar fuska, lambobin Rumawa, 'yar taga a ƙasa wurin shida. Ya ce, "Agogon kwalliya ba ya ihu. Ya shige ƙarƙashin hannun riga, sai ka so a gani. Na Tanko wannan faranti ne, a zuba masa waken shinkafa."

Alhaji Tanko ya ce, "Naka kuma sai da madubin likita. Ka saba leƙa ramin haƙori, shi ya sa."

Na kawo agogon kusa. Watan yana da ido biyu da hanci da baki, yana murmushi. Na ajiye shi. Na ce Yaya ba zai yi salla da fuska a hannunsa ba.

Dakta ya ce, "Amma fuskar ita ce aikin. Da hannu aka sassaƙa shi. Wata ba fuska, ai kwabo ne ya faɗi a rijiya."

Anti Esi ta ce ba ta yarda ba. A ganinta fuska wasan yara ce. Ita tana son wata mai 'yan tabo-tabo kamar na gaske, ko kuma sumul. Abin da ya fi damunta shi ne cunkoso. Ta nuna wani na Alhaji Tanko mai tagar rana da tagar wata da zoben kwanaki da hannaye biyar, ta ce wannan kasuwar Kejetiya ce, ba sama ba. Ta ce wata yana son fili a kewayensa, in aka matse shi da lambobi ya mutu.

Daga nan suka shiga musun inda taga ta fi kyau. Dakta ya ce ƙasa, wurin shida, nan kakanni suka ajiye ta. Anti Esi ta ce sama, wurin sha biyu, don ba wanda yake duban wata ya sunkuya. Alhaji Tanko ya ce a tsakiya ma in an samu. Sun yi kusan awa a kan wannan. Ba wanda ya canja ra'ayi, kuma na lura ba wanda ya zo don ya canja. Aka kawo soyayyar ayaba da gyaɗa, suna ci suna yi. Ni ban san an yi mutanen da za su zauna su yi faɗa a kan taurari nawa ya kamata a zana ba, bakwai ko tara, amma na ji daɗin zaman. Mutane ne masu kula da abu, kuma kowa yana mayar da agogo inda ya ɗauko shi.

Da suka gaji, Anti Esi ta buɗe wata 'yar jaka ta fito da ɗaya wanda ba ta jera ba. Farin ƙarfe ne, fuskarsa shuɗi mai duhu, ba lamba ko ɗaya sai 'yan sanduna, hannun awa da na minti kawai. Rabin fuskar na sama duk taga ce, watan fari kamar azurfa, ba ido ba hanci, a bakin tagar an jera ƙananan lambobin kwanaki. Na ɗora maɓallin. Watan ya leƙo ta kowane gefe.

Dakta ya ce ya yi kauri, kuma wata ya yi yawa, kamar mutumin da kansa ya fi jikinsa. Alhaji Tanko ya ce taurarin sun yi kaɗan. Na ce duka na ji, na gode.

Sai Dakta ya yi wata tambaya da ban yi tunaninta ba. Ya ce, "Yayanka yana wanke hannu sau biyar, ko ba haka ba? Irin wannan ba ya son ruwa. Zai cire, zai mayar, kuma ido babu. Wata rana zai faɗi a siminti." Ya tashi ya shiga ciki, ya dawo da wani maƙullin madauri mai naɗewa, wanda in an buɗe agogo ba ya rabuwa da hannu, sai dai ya yi sako-sako a ja shi sama. Ya ce kyauta ce. Ya ce lokacin da yake yaro, a Zongo yake cin abincin salla, gida-gida, ba wanda ya taɓa korarsa. Alhaji Tanko kuma ya juya madaurin ya duba cikinsa, ya ce ba mu san fatar wace dabba aka yi shafi da ita ba, gara a canja da ta saniya. Aka canja a nan take.

Anti Esi ta yi jinkiri kafin ta yarda ta sayar. Ta tambaye ni ko mutumin zai ɗaura, ko akwati za a jefa shi. Na ce ban sani ba, kuma ba zan yi mata alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Ta ce in ya ƙi, ita za a mayar wa, kada a kai kasuwa. Aka kira Zainabu, suka daidaita tsakaninsu da Turanci. Sannan Anti Esi ta duba wayarta, ta danna ɗan ramin gefe da tsinke har watan ya tsaya inda wayar ta ce, ta murɗa agogon ya fara tafiya. Ta ce ba shi da batir, kullum da safe sai an murɗa shi.

Alhamis, komawa

Wannan karon ban je tasha da wuri ba, motar kuma ta tashi a kan lokaci, da ƙyar na same ta. Agogon yana cikin aljihun ciki, hannuna a kansa har Nsawam. Maƙwabcina a kujera, wani ɗan kasuwar Atonsu, ya tambaye ni ko ƙirjina ne yake ciwo. Na ce a'a. Ruwa ya tare mu daga Nkawkaw har Konongo. Na shiga Akwatialine ana kiran la'asar.

Ban yi wanka ba, ban ci abinci ba, na yi salla na shiga ɗakin Yaya. Yana zaune a kan buzu, taga a rufe. Ya ce, "An ce ka je Akra. Ba ka sallame ni ba."

Na ce, "Aike aka yi ni, Yaya. Zainabu ce." Na buɗe tagar, na sa masa agogon a tafin hannu.

Ya shafa shi da yatsa. Ya ce, "Ina da agogo. Ladan ne."

Na ce ya duba dai. Ya ɗaga shi wajen haske, ya karkata kai saboda idon da aka yi wa aiki. Ya daɗe. Hajiya Rabi tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon ruwa, ta manta ta ajiye.

Ya ce, "Wata ne."

Na ce, "Wata ne."

"Zinare?"

"Farin ƙarfe."

"Fatar fa?"

"Saniya. A gabana aka sa."

Na murɗa masa faifan a baki, wato na yi masa bayanin yadda jinjiri zai leƙo daga hagu ya yi ta girma. Ya ce in nuna masa yadda jinjirin yake fitowa. Na zana masa da yatsa a tafin hannu. Ya ce, "A tsaye? Wannan watan ƙasarsu ne. Namu na Kumasi a kwance yake fitowa, kamar ƙwarya." Sai ya juya agogon a gicciye, ya duba, ya ce, "To, a haka zai kwanta. Hannu ne zai riƙa juyawa."

Sannan ya tambaye ni kwana nawa agogon ya ce. Na karanta lambar, na ce sha huɗu.

Ya ce, "Yau Rajab sha biyu." Shekara biyu bai faɗi wannan lissafi ga kowa ba, ashe yana riƙe da shi. "Wa ya gaya masa sha huɗu?"

Na ce waya ce.

"Wayar ta ga wata?"

Na ce masu ilimin taurari suna ƙirgawa tun daga lokacin da aka haifi watan, kafin ido ya gan shi, haka Anti Esi ta bayyana mini. Ya ce bai ce sun yi ƙarya ba, nasu lissafin ne, amma shi ba zai gaya wa matan unguwa kwanan da ba wanda ya shaida farkonsa ba. Na ce sai in mayar da shi sha biyu yanzu. Ya ce a'a, sha biyun ma daga rediyo ya ji. Ya miƙo mini agogon. Na ɗauka mayarwa ce, na fara tunanin abin da zan gaya wa Zainabu.

Sai ya ce, "Danna shi har watan ya ɓuya duka. Kada a sake murɗa shi, a bar shi ya tsaya. Ranar da aka ga jinjirin Sha'aban, mutum biyu suka zo nan suka gaya mini da bakinsu, ranar zai fara aiki." Na danna har taga ta zama shuɗi zalla, na ja ɗan kan da ake murɗawa, agogon ya tsaya. Ya miƙo hannun hagu ya ce, "Ɗaura mini."

Da shi ya je magariba. A ƙofar masallaci wani ya tambaye shi ƙarfe nawa, ya ce agogon bai kama aiki ba tukuna, sai sabon wata. Aka taru ana kallo, kowa da ra'ayinsa, wani ya ce ya yi girma, wani ya ce ina watan yake. Yaya ya tsaya yana ba su amsa har aka kira isha. Da muka dawo ya ce a ƙara masa tuwo, ya kuma ce a kira masa Zainabu.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Alhaji Tanko da masauki, da Dakta Owusu da maƙullinsa, da Anti Esi da ta rabu da abin da take so.

Saura abu ɗaya, kuma a hannunku yake. Ranar ashirin da tara ga Rajab, da wadda ke biye da ita, bayan faɗuwar rana, duk mai lafiyar ido a Akwatialine ko Sofoline ko Atonsu ya ɗaga kai ya dubi yamma. Kun san gajimaren Kumasi, inda ya rufe wa wani yakan buɗe wa wani. Wanda ya gani kada ya kira waya, kada ya aiko saƙo, Yaya ba zai karɓa ba. Ya zo da ƙafarsa gidanmu, ya shirya faɗin inda ya tsaya da yadda watan ya kwanta, don za a tambaye shi. Mutum biyu ake bukata. Agogon yana hannunsa a tsaye, ku yake jira.